Jira iri biyu: matar da yaƙi ya bari a gida cikin ƙagaggen labari na tarihi

1. Gabatarwa

Mafi yawan ƙagaggun labarai na tarihi da suka shafi yaƙi bayan maza suke bi: inda runduna ta yada zango, nan marubuci yake yada nasa. A *Ganɗoki* na Bello Kagara (1934), mayaƙin da kansa yake bai wa yara labarin gumurzun da ya yi da Nasara, tun daga Kwantagora har Burmi. A *Frère d'âme* na David Diop (2018) muna cikin ramukan yaƙin 1914 tare da wani sojan Senegal, a *Burma Boy* na Biyi Bandele (2007) kuma muna dajin Bama tare da Ali Banana. Amma akwai wani rukuni na littattafai da suke tsayawa a ƙofar gida bayan an yi ban kwana, su juya su koma ciki tare da matar da aka bari.

A wannan maƙala za mu duba matsalar da irin waɗannan littattafai suke fuskanta, wadda a ganinmu tushenta yana cikin harshe, sa'an nan mu ga yadda marubuta suka warware ta. Za mu taɓa *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934) da *Un long dimanche de fiançailles* na Sébastien Japrisot (1991), mu ɗan tsaya kan *Les Gardiennes* na Ernest Pérochon (1924), mu fi daɗewa kan *The Joys of Motherhood* na Buchi Emecheta (1979). Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa darajar littafi irin wannan tana rataye ga ma'anar da marubuci ya bai wa kalmar "jira".

2. Matsalar daga ɓangaren nahawu

Mu dubi waɗannan jimloli, waɗanda muka ƙirƙira don misali:

(1) Sai suka hau, suka faɗa wa garin da asuba, suka kama na kamawa, suka juyo.
(2) Tana daka, tana ɗiban ruwa, tana renon yara, takan leƙa hanya da la'asar.
(3) Wai an ce an gan shi a bakin teku, an sa su cikin jirgi.

Jimla ta (1) ita ce ƙashin bayan labarin yaƙi. An gina ta da shuɗaɗɗen lokaci na biyu (suka, ya, ta), kuma ba a iya sauya jerin sassanta ba tare da labarin ya lalace ba, don ba a juyowa kafin a hau. A jimla ta (2) kuwa lokaci mai ci ne da na sabo, kuma duk yadda aka jujjuya sassanta ma'ana ba ta canzawa. Wato ta (1) tana tafiya, ta (2) tana kewaya wuri guda. Irin wannan bambanci ne Harald Weinrich ya nuna tsakanin *passé simple* da *imparfait* a Faransanci: na farko shi ke ɗauke da abin da ke gaban fage, na biyu kuwa shimfiɗa ce a bayan fage. Ke nan tun kafin marubuci ya ɗauki alƙalami, al'adar ba da labari ta riga ta ajiye matar gida a cikin lokutan da aka keɓe wa shimfiɗa.

Jimla ta (3) tana nuna rauni na biyu. Mayaƙi yana cewa "na gani". Matarsa kuwa da "wai" da "an ce" take rayuwa, kuma lamirin "an" ba ya faɗin wanda ya yi aikin. An kama shi, an tafi da shi, an ce ya mutu: ba ta san wanda za ta tuhuma ba, balle wanda za ta tambaya.

Sai dai Hausa ta ba mu wata mafita da Faransanci bai bayar ba. Mu kwatanta:

(4) Tana jiran mijinta.
(5) Tana jiran gona.

Inda Faransanci yake buƙatar aikatau biyu, *attendre* da *garder*, Hausa ɗaya ta yi amfani da shi. A (4) jira dako ne: idon mai jira yana kan hanya, kuma ƙarshen lamarin yana hannun wani. In ya yi tsawo ya zama jiran gawon shanu. A (5) jira tsaro ne: akwai abin da aka damƙa mata, akwai ɓarawo da biri da tsuntsu, akwai shawarar da za ta yanke yau. Jira na (4) ba ya haifar da "sai ta", na (5) kuwa yana haifarwa. Da wannan ma'auni za mu auna littattafan.

3. Hanya ta farko: a fitar da mace daga gida

Hanya mafi sauƙi ita ce marubuci ya ɗora matar bisa tafarki, don ta sami irin jerin aukuwar da namiji yake da shi. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi. Makau, mijin uwar Umar na biyu kuma bafaden sarkin Kagara, ya tafi hari ƙasar Gwari, ya dawo abokan fada suka ƙulla masa sharri, aka kore shi, ya bar matar da yaron a baya har ya sami wurin zama. Wannan zama nata bai ci shafi da yawa ba. Labarinta bai kankama ba sai da aka sace yaron ta fita nemansa, ta faɗa hannun mayaudari a Kano, aka bautar da ita, aka ƙetare Sahara da ita ta Murzuk, har ta sadu da ɗanta a ƙarshen ranta. Babu shakka wannan sashe yana daga cikin mafi ratsa zuciya a farkon rubutun zube na Hausa. Amma mu lura da abu biyu. Na ɗaya, duk abin da muka sani game da ita ta bakin ɗanta ya zo, yana bai wa almajiransa labari a Rauta. Na biyu, matan ƙauyukan da aka kai wa harin, waɗanda su ne yaƙi ya fi bari a kango, ba su sami ko wannan ba.

Japrisot ma wannan hanya ya bi, ko da yake da dabara. Mathilde ba ta iya tafiya da ƙafafunta, ga shi an sanar da ita cewa saurayinta Manech ya mutu a watan Janairu 1917, cikin sojoji biyar da aka yanke wa hukunci aka jefa tsakanin ramukan Faransawa da na Jamusawa. Ta ƙi yarda da "an ce", ta shiga tattara wasiƙu da shaidu tana gwama su. Littafin yana da daɗin karatu, kuma ya gane cewa yaƙin mace da jita-jita ne. Duk da haka labarin bincike ne, kuma abin da ake bincike a kansa yana fagen fama. Hankalin Mathilde, da namu, bai taɓa zama a gida ba.

Ba mu sa *Sarraounia* na Abdoulaye Mamani (1980) cikin wannan lissafi ba, don Sarauniyar Lugu ba barin ta aka yi ba: yaƙi ne ya same ta har gida a watan Afrilu 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta iso ƙasar Arewa. Mun ambace shi ne don ya nuna cewa mace mai riƙe da makami ba ta wahalar da marubuci. Wadda take riƙe da taɓarya ita ce jarrabawa.

4. *Les Gardiennes*: jiran kayan wani

Pérochon malamin makaranta ne daga yammacin Faransa, ya sami kyautar Goncourt a 1920, ya kuma ga yaƙin 1914 da idonsa. Da ya rubuta littafinsa shekara 6 kacal aka yi da ƙare yaƙin, saboda haka nisan lokaci ne ya mayar da shi littafin tarihi a gare mu, musamman bayan da Xavier Beauvois ya mai da shi fim a 2017. A watan Agusta 1914, ana tsakar girbi, shugaban gwamnati René Viviani ya yi kira ga matan karkara su maye gurbin maza a gonaki. Littafin labarin waɗanda suka amsa kiran ne.

Sunan littafin kansa ya zaɓi jira na (5). Hortense Misanger, dattijuwar da ƴaƴanta maza da surukinta suke bakin daga, ba ta da lokacin leƙen hanya. Akwai huɗa da shuka da girbi, akwai dabbobi, akwai ƴan ƙwadago da ba su samuwa. Kowace damina da irin shawarar da take nema, saboda haka aikin gona da kansa ya zama jerin aukuwa. A nan Pérochon ya ci nasara: ya ɗauko abin da aka saba ajiyewa a bayan fage ya kawo shi gaba.

Inda littafin ya fi zurfi shi ne inda ya nuna abin da tsaro yake ci. Hortense ba gona kaɗai take jira ba, har da sunan gidan. Da tsegumi ya taso kan ɗiyarta Solange da sojojin Amurka, sai ta bari laifin ya faɗa kan Francine, marainiyar da aka ɗauka aiki, wadda ta fi kowa ƙwazo kuma take son ɗanta Georges. Francine ta bar gidan da ciki. Mai tsaro ta cika amana, amma da zaluntar wadda ba ta da kowa. Abin da Pérochon bai tambaya ba shi ne ko amanar ta cancanci haka. A wurinsa gona ta maza ce, kuma ranar da suka dawo za a miƙa musu ita. Mata sun yi mulki, amma irin na wakili.

5. Emecheta: wa ake yi wa jiran?

Buchi Emecheta (1944-2017) a Legas aka haife ta, a Landan ta yi rubutu, kuma zamanin iyayenta ta koma ta ɗauko. An fassara littafin zuwa Faransanci da sunan *Les Enfants sont une bénédiction*. Ba a cika lissafa shi cikin littattafan yaƙi ba, don babu harbi ko ɗaya a cikinsa. A ganinmu kuwa yaƙin duniya na biyu shi ne ginshiƙin tsakiyarsa, kuma sau biyu yake raba Nnu Ego da mijinta Nnaife.

Karo na farko a 1939 ne. Nnaife wanki yake yi wa wani Bature, Dr Meers. Da yaƙi ya tashi Baturen ya koma Ingila, aiki ya ƙare, Nnaife ya bi jirgin ruwa zuwa Fernando Po neman abinci, sojoji kuma suka zo suka tashi Nnu Ego daga ɗakin barori. Karo na biyu, Nnaife yana yankan ciyawa a ma'aikatar jirgin ƙasa aka zo aka kwashe su da ƙarfi aka sa su soja, aka kai su Indiya da Bama. Duka biyun jimlolin "an" ne. Babu wanda ya yi ban kwana da kirari, kuma mutanen littafin suna tambayar juna abin da ya haɗa su faɗa da Jamusawan da ba su taɓa gani ba.

Abin da Emecheta ta yi da wannan rashi shi ne ya bambanta ta da sauran. Da farko, ta mai da kuɗi abin aukuwa. Kuɗin haya, kuɗin makarantar Oshia, tsadar abinci, itacen da Nnu Ego take saya ta faskara ta sayar: kowane ɗaya yana zuwa da ranarsa da sakamakonsa. Mai karatu yana bin asusun gidan kamar yadda yake bin motsin runduna a wani littafin.

Na biyu, ta gane matsayin takarda. Nnu Ego ba ta karatu, saboda haka wasiƙar mijinta sai ta ratsa ta bakin maƙwabciyarta Mama Abby kafin ta iso kunnenta. Mama Abby ɗin ce kuma ta raka ta ofis, inda aka tarar kuɗin da soja yake ware wa iyali sun daɗe da taruwa, alhali ita da yaranta suna fama da yunwa. A nan tazarar da ke tsakanin mace da haƙƙinta ba ta teku ba ce, ta rubutu ce da harshen hukuma. Wannan fage kaɗai ya ishi mai nazarin harshe dalilin karanta littafin.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, ta sa mata biyu a ɗaki guda, ta ba su amsa biyu. Adaku matar wan Nnaife ce da ya gada bayan rasuwarsa. Lokacin da Nnu Ego ta tafi Ibuza jinyar mahaifinta Agbadi ta daɗe a can, Adaku ta zauna a Legas kasuwancinta ya bunƙasa. Da rigima ta haɗa su, mazan dangi suka goyi bayan Nnu Ego, ba don gaskiya tana wurinta ba, sai don ita ke da ƴaƴa maza. Daga nan Adaku ta gane cewa gidan da take jira ba ta da rabo a cikinsa. Ta kwashe kayanta ta fita, ta ce ko da zaman kanta za ta yi, za ta sa ƴaƴanta mata makaranta. Nnu Ego ta zauna ta riƙe amana. Nnaife ya dawo da kuɗin soja, ya ƙara aure, ƴaƴan da ta sha wuya dominsu suka tafi karatu ƙasashen waje, ita kuma ta mutu a gefen hanya a Ibuza ba kowa kusa da ita.

Tambayar da Pérochon ya tsallake ita ce Emecheta ta ɗora littafinta a kai: wanda ya yi jiran gona, me zai samu ranar girbi? Ba ta ce Adaku ce mai gaskiya ba, don ta nuna abin da fitar ta jawo mata na zubewar mutunci a idon dangi. Ta dai nuna cewa rashin miji ya buɗe wata ƙofa, ɗaya ta bi ta, ɗaya ta ƙi, kuma kowace ta biya.

Littafin yana da nasa rauni. Sau da yawa mai ba da labari tana katse tafiya don ta yi wa baƙon mai karatu bayanin al'adar Ibo. Akwai kuma wuraren da Nnu Ego take tunani kan matsayin mace da kalmomin da suka fi kama da na muhawarar shekarun 1970 a Landan fiye da na mai sayar da itace a Legas ta 1944. Wannan ita ce cutar da ta fi kama ƙagaggen labari na tarihi: a ara wa kaka bakin jika. Bugu da ƙari, tun da hirar gida da Ibo ake yin ta amma da Ingilishi aka rubuta ta, katangar harshe da ta tsare Nnu Ego a ofis ba ta fitowa a shafi yadda ya kamata. Mai karatu yana jin labarin katangar, amma ba ya cin karo da ita.

6. Abin da tarihinmu ya tanada

Wannan batu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Faransa ta ɗebi sojoji fiye da dubu 150 daga Afirka ta Yamma a yaƙin 1914-1918, fiye da dubu 60 daga cikinsu a kamun 1918 da Blaise Diagne ya jagoranta. A ɓangaren Ingila kuwa, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, da Hausawa da masu jin Hausa da yawa a cikinsu. Kowane ɗaya ya bar uwa ko mata ko budurwa.

Marubucin da zai shiga wannan fili zai tarar da abu uku a ajiye. Na farko, barin mata a gida shi kansa yana da tarihi. Kamar yadda Sarah Zimmerman ta nuna a *Militarizing Marriage* (2020), matan sojojin Afirka na Faransa sun daɗe suna bin runduna, suna dafa abinci suna ɗaukar kaya, har Madagaska da Maroko. Yaƙin Turai ne ya yanke wannan al'ada. Ke nan matar soja ta 1915 sabon hali ta shiga, wanda uwarta ba ta san irinsa ba.

Na biyu, shari'a. Hausa tana da "matar aure" da "bazawara" da "mai takaba", amma wadda mijinta ya yi ɓatan dabo tana tsakanin ukun. *Risala* ta Ibn Abi Zaid ta yanka wa matar wanda ya ɓace shekara 4 daga lokacin da ta kai ƙara aka bincika, sa'an nan ta yi idda irin ta mamaci, wata 4 da kwana 10. Malaman fiƙihu kuma sun bambanta hukuncin wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi da na wanda ya ɓace a fagen fama ko a hannun abokan gaba. Ga alƙali, ga wa'adi, ga dangin miji, ga manema, ga kuma yiwuwar mutumin ya sallama a ƙofar gida bayan an ɗaura wani auren. Jerin "sai" bai fi haka ba.

Na uku, murya. A labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a 1949-1950 aka buga a 1954, muna jin yadda mace take ba da labarin zamanin hari: wa aka kama, nawa aka biya fansa, wa ya tara kuɗin, wa ya riƙe yara. Lissafi ne na mai tsaro, kuma da Hausa aka yi shi. Wanda ya rubuta irin wannan labari da Hausa zai iya abin da ya gagari Emecheta, wato ya bar takardar kumandan cikin Faransancinta, ya sa mai karatu ya tsaya tare da matar yana jiran tafinta.

7. Kammalawa

Mun ga cewa al'adar ba da labari tana ajiye matar gida a lokaci mai ci da na sabo, tana kuma ciyar da ita da "wai". Tafawa Ɓalewa da Japrisot sun kauce wa matsalar ta hanyar mai da hankalinta waje. Pérochon ya tsaya a gida ya mai da tsaro labari, amma bai tuhumi mai kayan ba. Emecheta ta tsaya, ta kuma tambayi ladan mai jira, shi ya sa muke ganin littafinta ya fi sauran cika, duk da raunin da muka nuna. Abin da ya rage shi ne a gwada wannan ma'auni da ƙidaya: a ɗauki babin hari da babin zaman gida a *Shaihu Umar*, a lissafta yawan shuɗaɗɗen lokaci na biyu a kowanne, da kuma wanda yake aikau a cikinsa. Muna gayyatar ɗalibanmu na adabi da na nahawu su haɗa hannu a kan wannan aiki.